Gashi kafin tiyata: abin da na gani a wani asibitin fisiyo na Ikeja

Ranar da likitan ƙashi ya gama kallon hoton gwiwata ya ce ba zai yi mini aiki ba sai na je na yi gashi na aƙalla mako shida, raina ya ɓaci ƙwarai. Ni a sanina gashi bayan tiyata ake yin sa, ko bayan an kwance ɗori, ko kuma ga wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama. To ni da ko wuƙa ba a ɗora mini ba, me za a gasa? Muna shiga mota na ce wa yayana, "Yaya, wannan fa hanyar cin kuɗi ce kawai, bakinsu ɗaya." Ya ce, "To kai da ka fi likita sani, me ya kawo ka wurinsa?" Na ja bakina na yi shiru.

Sana'ata kayan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, shekara 19 ke nan, gida kuma a Agege, bene hawa na biyu. Shekarata 43. Da daminar da ta wuce ne na diro daga bayan motar tumatir, abin da na yi ya fi sau dubu a rayuwata, ƙafar dama ta sauka a kan laka da ruɓaɓɓen tumatir, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba. Na ji wani "ƙas" a cikin gwiwar. Kafin azahar ta kumbura ta yi suntum kamar kabewa.

Kamar kowane Bahaushe, wurin mai ɗori na fara zuwa. Dattijon ya lalluba ya ce, "Ɗana, targaɗe ne, kwana bakwai ka miƙe." Ya ja, ya shafa mai, ya ɗaure. Ba na raina masu ɗori, don ina yaro wani ne ya gyara mini hannu a ƙauyenmu kuma har yau lafiya lau. Amma abin da ya tsinke a gwiwata ba ƙashi ba ne. Wata jijiya ce a can tsakiyar gaɓar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi da tsoka. Kuma idan ta tsinke gaba ɗaya ba ta cika haɗewa da kanta ba. A tiyata yanko wata jijiyar ake yi daga jikinka, galibi daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, a dasa a gurbinta. Mako uku na yi a kwance da ƙafa a ɗaure kafin in san wannan.

Wurin da na je asibiti ne mai zaman kansa a wani lungu na Ikeja. Ba zan kama suna ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa, kuma irinsa suna da yawa a Legas, daga Ikeja har Surulere da Lekki. Akwai sashen gashi a asibitin ƙashi na Igbobi, takwaran na Dala a Kano, akwai kuma a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba. Ni kusanci ne ya kai ni Ikeja, don daga Agege ba nisa, ƙafar kuma ba ta jure dogon zama a danfo.

Abin dariya na farko: asibitin masu ciwon gwiwa, amma a saman bene yake, ba na'urar hawa. Yayana da mai gadi ne suka tallafe ni. Ina hawa ina tsaki.

Wadda ta karɓe ni Bayarabiya ce haifaffiyar Zariya, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan Ikko. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba ta yi gaggawar jona ni da wata na'ura ba. Fiye da awa ɗaya ta yi tana tambaya tana awo. Matakala nawa ce a gidanka? Na ce 34, na ƙirga su tun da ciwon ya same ni. Banɗakin zama ne ko na tsuguno? Yaya kake salla yanzu? Na ce a kan kujera. Awa nawa kake tsayuwa a kasuwa? Kana shan maganin hawan jini? Sannan ta ɗauko wani ma'auni na roba mai hannu biyu, kamar wanda yara ke auna kusurwa da shi a makaranta, ta ɗora a gefen gwiwa. Lafiyayyar ƙafar tana lanƙwasuwa digiri 140. Mai ciwon ta tsaya a 85. Wajen miƙewa kuma saura digiri 10 ta kwanta sosai a kan gado, har za ka iya zura hannu a ƙarƙashinta. Ta zagaya cinyoyina da tef irin na tela. Ta dama ta rame da santimita 3 a cikin mako huɗu kacal.

Sai ta ce, "Alhaji, matse tsokar cinyarka, ka danna bayan gwiwa a kan gadon nan." Na matsa. Wallahi ina ba ƙafar umarni tana yi mini kunnen ƙashi. Ta hagu ƙoƙon gwiwa na zabura ya hau sama, ta dama ko gezau. Na ji tsoro, na ce, "Likita, ko ƙafar ta mutu ne?" Ta yi dariya ta ce ba ta mutu ba, barci take. Idan ruwa ya taru a gaɓa, jiki da kansa yake rage wa tsokar cinya ƙarfi, kwanciya kuma ta ƙara ramar da ita. Tiyata ita ma rauni ce sabuwa, za ta sake kawo kumburi. Wanda ya shiga ɗakin aiki da gwiwa a sanƙare, a kumbure, da cinya a rame, to ya fi zama cikin haɗarin fitowa da gwiwar da ba ta miƙewa. Abin da likitan ƙashi ke so a kawo masa, inji ta, gwiwa ce da ta huce, tana miƙewa tsaf, tana lanƙwasuwa, da tsokar da ke amsa kira. A nan ne na janye maganar da na faɗa wa yayana a mota, a zuci dai, ban faɗa masa ba.

Atisayen da ta ba ni, da ka gani sai ka raina. A naɗe tawul a sa a ƙarƙashin dunduniya a bar gwiwa ta nitse da nauyinta, minti biyar. A matse cinya a ƙirga biyar a saki, sau goma, sau da yawa a yini. A jawo dunduniya a kan zanin gado zuwa ɗuwawu a mayar. A ɗaga ƙafa a miƙe sambal. Ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20 bayan an gama, ƙafa a sama da matashi. Ƙanƙarar ma a wurin mai sayar da ruwan leda na layinmu nake saye, don firjinmu sai yadda wuta ta yi da shi. Daga baya aka ƙaro tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ɗan rusunawa a jikin bango, da wata roba mai talewa da ake ɗaurawa a idon sawu. Ta zana mini kowanne a takarda da biro, ɗan mutum-mutumi da sanduna, uwargida ta manna a jikin ƙofar ɗaki ta zama 'yar sanda a kaina. "Alhaji, na la'asar fa ban ga an yi ba."

Inda wurin nan ya fi burge ni kuwa ba a gwiwar ba ne, a zuciya ne.

Tun ranar farko ta auna jinina ta samu 150 bisa 95, ta tambaye ni yaushe rabon da in motsa jiki har in yi gumi da gangan. Na ce, "Likita, ni fa daga asuba har la'asar a tsaye nake a kasuwa." Ta ce tsayuwa daban, ciniki da ɗaga murya daban, motsa zuciya daban. Gaskiyarta. 'Yan dako ne ke ɗaukar kwando, ni lissafi nake yi da waya a kunne, ga shayi mai kauri da burodin Agege da safe, ga tuwo da dare. Ta ce bayan tiyata tafiya da sanduna ta fi tafiya da ƙafa biyu cin ƙarfi nesa ba kusa ba, ga matakala 34 na jirana, kuma mutumin da ke iya tashi ya motsa da wuri ya fi tsira daga daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Don haka zuciya da huhu su ma sai an shirya su.

Ni kuwa duk abin da ake kira motsa jini na tsane shi. Sau biyu a baya na taɓa ɗaura niyya. Na sayi kambas, na fita gudu wajen filin wasa na Agege, na zage iya ƙarfina don kada samari su raina ni, na dawo ƙirji na zafi kamar an zuba barkono, kwana uku ina ɗingishi, shi ke nan kambas ya koma ƙarƙashin gado. Na faɗa mata haka. Ta ce ai ba motsa jiki na tsana ba, azabtar da kai na tsana, kuma ina da gaskiya.

Da yake gwiwar ba ta iya zagaya feda ba tukuna, da keken hannu muka fara, wanda ake murzawa da hannuwa a zaune. Minti shida. Na ce minti shida kawai? A minti na huɗu na fara haki kamar rago a watan layya. Ta zauna kusa da ni ta ce, "Alhaji, nawa kwandon tumatir yau?" Na buɗe baki, magana ta fito guntu-guntu. Ta rage nauyin keken ta sake tambaya. Wannan karon na iya yi mata bayanin yadda kaya ke tsada idan damina ta sauka a Arewa, ina numfashi sama-sama amma jimla na fita cikakkiya. Ta ce, "Yauwa, nan za ka tsaya. Idan kana iya hira amma ba za ka iya jan karatu da ƙira'a ba, kana daidai. Idan hirar ma ta gagara, ka wuce gona da iri. Idan kuma har waƙa za ka iya rerawa, wasa kake." Wannan ma'auni ya fi mini duk agogon hannun da aka so sayar mini. Tun daga ranar farashin tumatir ya zama gwajinmu. Har ta san bambancin na Kano da na Jos.

Ta koya mini lissafin bugun zuciya ma: a cire shekarunka daga 220, ni ya ba ni 177, wannan shi ne ƙiyasin ƙololuwa, matsakaicin aiki kuma wajen rabi zuwa kashi 70 cikin 100 na wannan. Wato ni kada in wuce wajen 124. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Amma ta ce ƙiyasi ne kawai, kuma akwai magungunan hawan jini da ke rage bugun zuciya, masu shan su lissafin ba zai yi musu daidai ba, gara su riƙe gwajin hira. Abin da ta ja mini kunne a kai sosai: ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa, a tsaya nan take a nemi likita, ba jarumta a nan.

A mako na uku gwiwar ta kai wajen digiri 110, aka mayar da ni keken ƙafa. Da farko gaba da baya kawai nake kaɗa fedar kamar lilo, rabin zagaye. Ranar da ta zagaya gaba ɗaya sai da na yi kabbara, wata tsohuwa mai gashin kafaɗa a gadon kusa ta tafa mini. Daga nan aka riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu kowane zuwa. Ta kuma raba mini shi: minti biyu a hankali, minti ɗaya da ɗan ƙarfi, a sake. Abin mamaki, minti 20 a haka ya fi minti 10 a jere saurin wucewa, don hankalinka na kan minti ɗayan nan ne kawai, ba kan agogon bango ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Da ta faɗi 150 na ce ina! Ta ce raba shi biyar, minti 30 ne. Raba talatin ɗin uku, goma-goma ne. A shawarar da hukumar ta fitar a 2020 ma ko ɗan ƙanƙanin motsi ana lissafa shi. Da kumburin ya sauka ta yarda in fara tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba juyi ba tsalle, sai na ɗaura abin a jikin salla. Bayan asuba, maimakon in dawo gida kai tsaye daga masallaci, sai in miƙe zuwa bakin titi in dawo, minti goma, lokacin gari bai ɗau zafi ba kuma masu Keke Marwa ba su cika layi ba. Bayan magariba haka. Bayan isha'i haka. A Legas wanda ya ce zai jira rana ta ɗaga ya fita tafiya, gumi kaɗai zai kore shi, iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce. Rediyo a aljihu, labaran safe a kunne, ban san lokacin da goman ke cika ba.

Akwai ranar da na zo a fusace, mota ta lalace mini a hanya da kaya a ciki, ga gosulo. Ta auna jini ta ga 172 bisa 106. Ta ce yau ba keke. Na ce na biya kuɗi fa. Ta ce ko ninki biyu na biya ba keke, ta sa na zauna, ta sake aunawa, ta rubuta mini takarda zuwa wurin likitan da ke ba ni magani, kuma ta sa aka mayar mini da zuwan ranar a katina. Wannan ya ƙara mata daraja a idona fiye da duk wani abu.

To yanzu ƙorafi, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ganin farko naira 25,000 na biya. Kowane zuwa 15,000, amma a wurin karɓar kuɗi aka matsa mini in biya na zuwa 12 a dunƙule, 160,000, aka ce ragi ne. Abin da ba a faɗa mini ba shi ne kuɗin na asibiti ne, ba na wadda na saba da ita ba. Sau uku na zo ba ta nan. Wani saurayi ya karɓe ni, ko fayil ɗina bai buɗe ba, ya manna mini wayoyin lantarki masu tsikari a gwiwa, ya kunna fitila mai zafi, ya ja labule ya tafi danna waya. Minti 40 ina kwance kamar tsire a bakin wuta. Daɗi kam akwai daɗi, har gyangyaɗi na yi. Amma na sauko yadda na hau, ba awo, ba keke, ba gumi, kuma an soke zuwa ɗaya a kati. A karo na uku na ce masa, "Ɗan'uwa, ni ba tausa na zo ba." Ya ɓata fuska ya kai ni keke ya bar ni ni kaɗai. Daga nan na koyi bugo waya kafin in fito, in ba ta nan in ɗaga zuwan.

Lokaci ma ba su riƙe shi. A ce maka ƙarfe tara, ka shiga goma da kwata. In an ɗauke wuta sai an nemo mai tada janareta, ɗakin kuma ba taga ta kirki. A wurin karɓar kuɗi aka so sayar mini da takalmin gwiwa mai ƙarafa; yarona ya samo irinsa sak a kantin kayan asibiti kusan rabin kuɗin. Ba wurin alwala, azahar ta sha riskata a can, a lungun baranda na yi salla. Ga mata kuwa, akwai ma'aikata mata kuma akwai labule, amma sai kin faɗa tun a waya cewa mace kike so, in ba haka ba duk wanda ke kusa shi za a turo.

Abu ɗaya da zan ce kowa ya duba kafin ya kwanta a gadon kowa: lasisi. Akwai hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, MRTB, kuma digiri ake yi a jami'a kafin a zama likitan fisiyo. Ita nata na rataye a bango. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan, a Igbobi aka faro ta tun 1945, amma yanzu a Legas duk mai gadon tausa da fitila ja sai ya kafa allo ya ce shi ma gashi yake yi.

Da na ga amfanin abin, na ja ƙanena, wanda ba ya fashin ƙwallon Lahadi, na biya masa ganin farko shi da lafiyarsa ƙalau. Yana ta gunaguni, "Yaya, ni me ya same ni?" Ta sa shi ya diro daga kan wani ɗan akwati, ta ɗauka a wayarsa, ta nuna masa a hankali. Gwiwoyinsa biyu na faɗawa ciki suna neman haɗuwa duk lokacin da ya dira, irin saukar da ke jawo abin da ya same ni. Ta koya masa sauka da gwiwa a saitin yatsun ƙafa, ta ba shi atisayen ƙugu da bayan cinya, ta kuma nuna masa tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, na wajen minti 20, wanda ke nan kyauta a intanet. A ganina mai lafiya zuwa ɗaya ko biyu ya ishe shi, kada a ruɗe shi da biyan dunƙule. Na gwada koya wa 'yan dakona yadda ta ce a ɗaga kwando, a rusuna da gwiwa ba da gadon baya ba, kaya a manne da jiki. Suka yi ta dariya, ɗaya ya ce, "Maigida, in muka tsaya wannan yangar wani zai kwashe lodin." Biyu dai na ga suna yi in sun ɗauka ba na kallo.

Mako bakwai na yi. Awon ƙarshe: miƙewa tsaf, lanƙwasa digiri 132, bambancin cinya ya dawo santimita 1, keke minti 25 ina ba da labarin kasuwa ba yankewa. A zuwa biyu na ƙarshe sanduna kawai muka yi, a kan matakalar nan da na zaga ranar farko. Wajen hawa lafiyayyar ƙafa ke fara tafiya, wajen sauka sanduna da mai ciwo ke yin gaba. Sai da na hau na sauka sau shida tana bayana riƙe da ɗamarar da ta ɗaura mini a ƙugu.

An yi aikin da allurar kashe zafi da ake yi a gadon baya, daga bayan cinyata aka ɗebi jijiyar. Washegari da aka ce in matse cinya, ƙoƙon gwiwa ya motsa, da zafi amma ya motsa. Mutumin gadon kusa da ni, aiki iri ɗaya, a ranar ne aka fara nuna masa yadda ake riƙe sanduna, ga raɗaɗi ga jiri ga koyo. Ni na zaga ɗakin na dawo. Ranar da aka sallame ni na hau matakala 34 ɗin nan da hutu biyu, uwargida na gaba tana "a hankali, Alhaji", yayana na baya bai ce komai ba, murmushi kawai yake yi irin na wanda ya tuna wata magana a mota.

Yau mako 11 da aikin. Na koma wurin, amma zuwa ɗaiɗai nake biya, kuma sai ranar da take nan. Likitan ƙashi ya ce maganar gudu da juyi sai an doshi wata tara, dirowa daga bayan mota kuma na yafe ta har abada, akwai tsani. Ruku'u ina yi a tsaye yanzu. Sujada da zaman tahiya har yanzu a kujera, don zama a kan dunduniya na buƙatar lanƙwasa fiye da ta tafiya da hawan bene. Ranar Talata ta auna lanƙwasar gwiwar ta samu digiri 124, ta rubuta a fayil, ta ce in zo da dardumata mako mai zuwa mu fara gwada durƙuso a kan matashi.